Idan ruwa ya ci gidanka a Amurka alhali banki na bin ka bashin gidan

Da asubahin Lahadi, 27 ga Agustan 2017, na sauko daga gado zan yi alwala sai ƙafata ta nutse cikin ruwa mai sanyi. Guguwar Harvey ta shigo gaɓar Teksas tun daren Juma'a, ta zo ta tsaya a kan Huston tana zubo ruwa ba ƙaƙƙautawa. Kafin azahar ruwan ya kai gwiwa a falonmu. Uwargida ta zuba fasfo da takardun haihuwar yara a leda ta ɗaure, wani maƙwabci ya fitar da mu a ƙaramin jirginsa na kamun kifi. Babbar Sallah ta faɗo ranar Juma'ar da ta biyo baya, muka yi ta a ɗaki guda a gidan wani ɗan'uwa, da kayan aro a jikinmu.

Kwana huɗu ruwan ya yi ya janye. Takardu kuwa sai da na yi wata goma sha ɗaya ina fama da su. Tun daga lokacin, duk sanda ambaliya ko gobara ta taɓa wani namu a nan ƙasar, sai a ba shi lambata, kuma kusan tambayoyi iri ɗaya ake yi mini. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na sani a wuri guda.

Abin da ke fara ruɗa mu shi ne mun taso a inda gida na mai shi ne shi kaɗai. Ka sayi fili, ka aza bulo a hankali, in ya rushe kai da danginka ne za ku tayar. A nan kuwa, muddin ba ka gama biyan bashin gida ba, ku biyu ne a kansa, kai da banki. Ranar da masifa ta auku sai ka tarar da ƙofofi uku a gabanka: ta kamfanin inshora, ta bankin da ke karɓar kuɗin wata, da ta gwamnati. Kowace ƙofa so take ta ga takardar da ɗaya ƙofar ta ba ka kafin ta buɗe. Wanda ya gane haka tun ranar farko ya rage wa kansa rabin wahala.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoto

Ranar da muka koma gidan, warin da ya tare mu a bakin ƙofa ya sa kowa so yake a kwashe komai a zubar. Kuma da gaskiyarsu, domin cikin kwana ɗaya zuwa biyu fumfuna ke fara cin jiƙaƙƙen bango. Amma kada ka bari a fitar da ko kujera ɗaya sai ka zagaya ɗaki ɗaki da waya. Ruwa yana barin layin datti a jikin bango, ka kafa tef ɗin awo a gefensa ka ɗauka, ciki da waje. Ka ɗauki lambar da ke bayan firij, injin wanki, na'urar sanyaya gida da tukunyar ruwan zafi. Idan za a naɗe kafet a yar, ka yanki ɗan gutsure ka ajiye a leda, da shi za a san ko mai tsada ne ko mai araha. Duk abin da ka saya na aikin, daga fanka zuwa safar hannu, ka adana rasit.

Sai ka nemi littafin rubutu guda. Nawa na 'yan makaranta ne, mai jan bango, yana nan har yau. Duk wayar da ka yi, ka rubuta rana, lokaci, sunan wanda ya ɗauka, lambar fayil, da abin da ya ce. Da farko za ka ga kamar ɓata lokaci ne. Wata uku gaba, lokacin da wani zai ce maka ba a taɓa karɓar takardarka ba, za ka buɗe shafi ka karanto masa.

A rana guda ka buga waya uku: inshora, banki, da FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya. Kada ka ce sai ka ji daga wannan kafin ka nemi wancan.

Inshora iri biyu ce

Inshorar gida ta yau da kullum tana biyan gobara, iska, ƙanƙara, ko famfon da ya fashe a cikin gida. Ba ta biyan ruwan da ya taso daga ƙasa ya shigo ta ƙofa. Wannan tana da tata inshorar daban, wadda galibi ta shirin tarayya ce mai suna NFIP, da aka kafa a 1968, kuma FEMA ke kula da shi ko da ta hannun kamfani ka saya. Mafi yawan gidajen da Harvey ta cinye ba su da ita. Na ga dattijon da ya shekara ashirin yana biyan inshorar gida ba fashi, ya zauna a kan tarin kayansa a bakin titi bayan an gaya masa a waya cewa ba abin da za a ba shi.

Iyakar abin da NFIP ke biya shi ne dala 250,000 na gini da dala 100,000 na kayan cikin gida, kuma kowanne sai an saye shi daban. A nan ni na sha kashi. Gidanmu yana yankin da taswirar gwamnati ta sa cikin haɗarin ambaliya, don haka doka ta tilasta banki ya sa ni sayen inshorar. Banki gininsa ne ya dame shi, ba kujerunka ba. Na sayi ta gini kawai, ban ma san akwai ta kaya ba. Katifu, tufafi, littattafai, akwatunan lefen uwargida da ta taho da su daga gida, duk ba su shiga lissafi ba. Haka kuma NFIP ba ya biyan kuɗin hayar inda ka koma da zama. Mota kuwa, sai in inshorarta cikakkiya ce, ba wadda ke biyan wanda ka kaɗe kawai ba.

Za a turo maka mai kimanta ɓarna. Ka kasance a gidan ranar da zai zo, ka bi shi duk inda ya shiga, ka nuna masa abin da ido ba ya gani: ƙasan kabad ɗin kicin, soket ɗin da ruwa ya shanye, ƙofofin da suka kumbura. Ka nemi kafin alƙalami tun a ranar. Bayan Harvey an yarda a ba mutum har dala 5,000 tun kafin a zo dubawa, ko har 20,000 in yana da hotuna da rasit. Idan rahotonsa ya fito, ka zauna da ɗan kwangilarka ku bi shi layi layi. Nawa rahoton ya manta da banɗaki guda sukutum, kuma ya lissafa sauya rabin bango a inda sai an sauya duka. Na tura hotuna da ƙiyasin ɗan kwangila, aka ƙara. Karɓar cek na farko ba ya hana ka neman ƙari, sai dai ka karanta duk abin da aka miƙo maka kafin ka sa hannu.

Akwai takardar rantsuwa ta bayanin asara, wadda ƙa'idarta kwana 60 ne daga ranar ambaliya. Bayan manyan masifu akan tsawaita, bayan Harvey an mai da shi shekara guda, amma kada ka dogara da jita-jitar bakin masallaci. Ka ga tsawaitawar a rubuce. In kuma aikin ya fi ƙarfinka, akwai masu kimantawa masu zaman kansu da ke tsaya wa mai gida. A Teksas doka ta hana su karɓar fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da aka biya.

Cek ɗin da ba naka kai kaɗai ba

Ranar da ambulan ya iso na yi hamdala na kira ɗan kwangila na ce ya shirya. Da na duba da kyau sai na ga suna biyu a jikin cek ɗin: nawa da na bankin gida. Bankin da nake ajiya ya ƙi karɓa. Wannan ba kuskure ba ne. Yana cikin takardun da ka sa wa hannu ranar sayen gida, cewa duk kuɗin da inshora za ta biya na gini, da sunan mai bin bashi a ciki. Ko ta tsarin musharaka na kamfanonin Musulunci ka sayi gidan, ka sa ran ganin sunansu a jiki, tunda su ma suna da kaso a ginin. Cek ɗin kayan cikin gida ne kawai yake zuwa da sunanka kai kaɗai.

Ga yadda abin yake tafiya. Kowane banki yana da sashen da ke riƙe kuɗin inshora, suna kiransa los diraf, kuma da wannan sunan za ka nema a haɗa ka da su, domin wanda ke ɗaukar wayar biyan kuɗin wata bai san komai a kai ba. Za ka sa hannu a bayan cek ka tura musu. Ka ɗauki hotonsa gaba da baya, ka tura ta hanyar da ake bin sawun saƙo har a sa hannun karɓa. Su kuma sai su zuba kuɗin a asusun amana, su riƙa sako maka kashi kashi, yawanci kashi uku: na fara aiki, na tsakiya bayan sun turo mai dubawa ya ga an kai rabi, da na ƙarshe bayan an kammala.

Tun kafin cek ya iso ka kira su ka nemi jerin takardun da suke buƙata. Galibi rahoton mai kimantawa ne, da yarjejeniyarka da ɗan kwangila, da takardar harajinsa, da takardar da ya sa hannu cewa ba zai ɗora wa gidan bashin aikinsa ba. Ka haɗa su duka ka tura lokaci guda, lambar bashinka a saman kowane shafi. Ni guntu guntu na riƙa turawa, kuma duk takardar da ta iso sai fayil ɗin ya koma ƙarshen layi. Sati bakwai na yi ina jiran kashin farko, gida a fafake, katako tsirara daga ƙasa zuwa ƙugu, ina biyan haya a wani wuri.

Ka kuma tambayi wa ke da ainihin bashin. Sau da yawa kamfanin da kake biya ɗan aike ne kawai, bashin na Fannie Mae ne ko Freddie Mac, manyan kamfanonin da ke sayen bashin gidaje daga bankuna, ko kuma yana ƙarƙashin lamunin FHA, hukumar gidaje ta tarayya, kuma ƙa'idojinsu ne ke aiki. A ƙa'idar Fannie Mae, idan ba ka da bashin watanni a kanka lokacin da masifar ta auku, kashin farko na iya kaiwa dala 40,000 ko kashi 33 cikin 100 na kuɗin, duk wanda ya fi yawa. Ranar da na karanto wa ma'aikaciyar wannan a waya, muryarta ta canza. A Teksas kuma dokar inshora ta ba banki kwana 10 ya sanar da kai abin da yake buƙata, da wasu kwana 10 ya saki kuɗi ko ya faɗi dalili bayan ka cika sharuɗɗa. In waya ta ƙi ci, ka rubuta wasiƙar ƙorafi zuwa adireshin da suka ware don haka. Dokar tarayya ta wajabta musu amsa karɓa cikin kwanakin aiki 5, da ba da jawabi cikin 30. Bayan nan akwai hukumar kare masu hulɗa da bankuna, CFPB, da hukumar inshora ta jiharka.

Dubawar tsakiya, kai ne za ka nema, ba su za su tuna da kai ba. Ka nemi a turo mai dubawa mako guda kafin aikin ya kai rabi, domin kada ma'aikata su tashi su koma wani gidan. A lokacin irin wannan masifa mai aikin hannu ya fi zinariya tsada, in ya tafi dawo da shi aiki ne.

Bashin wata kuwa yana nan daram. Ruwa bai wanke shi ba, haka harajin gida da kuɗin ƙungiyar unguwa. Abin da za ka nema shi ne a ɗaga maka ƙafa, abin da suke kira fobiyarans. Fannie Mae da Freddie Mac suna yarda har zuwa wata 12, FHA kuma tana dakatar da ƙwace gidaje na kwana 90 a yankin da shugaban ƙasa ya ayyana masifa. Amma ɗaga ƙafa ba yafewa ba ce. Kafin ka amsa, ka yi tambaya guda kuma ka nemi amsarta a rubuce: in wa'adin ya cika, yaya za a biya watannin da aka tsallake? Wani abokina ya ɗauka an mayar da su ƙarshen bashi, sai ga takarda a wata na huɗu ana neman kuɗin wata uku a dunƙule. Akwai tsarin mayar da su ƙarshe, akwai na rarraba su, sai dai sai ka nema. Kada ka daina biya don kawai wani ya ce maka "ba komai" a waya. Kuma kada ka bari inshorar gidan ta mutu ana cikin gyara, domin banki zai saya maka wata mai ɗan karen tsada ya ɗora a kanka.

Ƙofar gwamnati

FEMA ba ta zo ta mayar maka da gidanka yadda yake ba. Aikinta ta sa gidan ya zaunu: rufi, lantarki, banɗaki, wurin girki. A 2017 iyakar abin da take ba iyali dala 33,300 ne gaba ɗaya, kuma kaɗan ne suka samu kusa da haka. Daga baya an raba shi gida biyu, na gyaran muhalli da na sauran buƙatu, a Oktoban 2024 kowanne ya kai dala 43,600. Kyauta ce, ba a biyan haraji a kanta. Ana rajista a DisasterAssistance.gov ko a lamba 800-621-3362, cikin kwana 60 daga ranar ayyana masifa. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin sun cancanta, kuma iyayen da ba su da wannan matsayi suna iya nema da sunan ƙaramin ɗansu da aka haifa a nan.

Wasiƙar farko da ta zo mini cewa ta yi ban cancanta ba. Mutanenmu da yawa a nan suke tsayawa, su ce Allah bai nufa ba. Ka karanta har ƙasa. Dalilin da aka ba ni shi ne ina da inshora, kuma dokar Stafford ta 1988 ta hana a biya mutum sau biyu a kan asara guda. Abin da suke jira shi ne takardar inshora mai nuna abin da aka biya da abin da ba a biya ba. Na tura ta tare da 'yar gajeriyar wasiƙa da yarjejeniyar haya, aka ba ni taimakon haya, tunda NFIP ba ya biyansa. Kana da kwana 60 na ɗaukaka ƙara daga ranar da ke kan wasiƙar. In akwai cibiyar agaji kusa da kai, ka je da ƙafarka da fayil a hannu, abin da waya ta kasa a wata guda nakan ga an warware shi a zama ɗaya. Kuɗin da aka ba ka kuma ka kashe shi a kan abin da wasiƙar ta ce, ka adana rasit na shekara uku, domin suna iya bincike su ce a dawo da shi.

Babban kuɗin gwamnati a gaskiya rance ne, daga hukumar ƙananan sana'o'i, SBA, wadda duk da sunanta tana ba masu gidaje. Tun 2023 tana ba da har dala 500,000 na gini da 100,000 na kaya, a biya cikin shekara har 30, kuma shekarar farko ba biya ba ruwa. Lokacin Harvey kuɗin ruwan ya sauko har kashi 1.75 cikin 100. Na san abin da ke ranka, domin ya kwana a raina ni ma: komai ƙanƙantarsa ruwa ne. Malaman da na tambaya ba su haɗu a baki ɗaya ba, wasu sun duba lalura, wasu sun ce a nemi wata hanya tukuna. Ni ban karɓa ba, muka lallaɓa da gudummawar 'yan'uwa da kayan hannu, muka shekara muna zama a kan tabarma a falo. Ban ga laifin wanda ya karɓa bayan ya yi tambaya ba. Abin sani shi ne cike takardar neman ba ya tilasta maka karɓa. A zamaninmu dole ne ka fara cike ta kafin FEMA ta duba ka a wasu fannoni, an cire wannan sharaɗi a Maris na 2024.

Akwai kuma kuɗin farfaɗowa da majalisa ke warewa ta hannun ma'aikatar gidaje, HUD, jihohi da birane su raba. Teksas ta samu kimanin dala biliyan 5 a 2018 saboda Harvey. Irin wannan kuɗi shekaru yake ɗauka kafin ya iso ƙofar mutum. Ka yi rajista in an buɗe, ka adana rasit ɗinka domin wasu shirye-shiryen suna mayar da abin da ka kashe, amma kada ka tsayar da gyara kana jiransa. Mai haɗa maka takardun haraji ma ka gaya masa, asarar da inshora ba ta biya ba a masifar da tarayya ta ayyana tana iya rage maka haraji.

Abu guda da ya kamata ka bincika kafin a buga ƙusa ko ɗaya: in gidanka yana yankin haɗarin ambaliya kuma kuɗin gyaransa ya kai rabin darajar ginin kafin masifa, hukumar gari ba za ta ba ka izinin gyara shi yadda yake ba, sai an ɗaga shi sama ko an sake gini bisa sabuwar ƙa'ida. NFIP yana ba da ƙarin har dala 30,000 don wannan, wanda ba kasafai yake isa ba. Ka je ofishin ba da izinin gini ka ji matsayin gidanka tun da wuri. A layinmu akwai wanda ya gama fenti tsaf sannan takardar ta same shi.

'Yan kwangila kuma, ranar da ruwa ya janye za su cika unguwa da motoci masu lambar wasu jihohi. Kada ka ba kowa kuɗi mai yawa a gaba, kada ka biya da tsabar kuɗi, kuma ka tsara biyansa daidai da yadda banki zai riƙa sako maka, ka rubuta haka a yarjejeniya. Wanda ya ce ka sa hannu ka miƙa masa haƙƙin karɓar kuɗin inshorarka, ka sallame shi. Ma'aikacin FEMA na gaskiya yana ɗauke da katin shaida mai hoto kuma ba ya karɓar ko sisi.

Kashin ƙarshe na kuɗinmu ya fito a Yulin 2018, bayan mai dubawa ya zagaya ya buɗe famfo ya kunna fitilu. A makon na kira wakilin inshora na ƙara ta kayan cikin gida, sannan na bi ɗakuna da waya ina buɗe kowace durowa, na tura bidiyon ga ƙanena ya ajiye mini. Idan kai ma za ka saya, ko da gidanka ba ya cikin yankin haɗari a taswira, ka tuna sabuwar inshorar NFIP ba ta fara aiki sai bayan kwana 30. Lokacin guguwa yana kamawa ne ranar 1 ga Yuni, don haka ka gama da wannan kafin Afrilu ya fita.